Jami'i mai shigar burtu da 'yar gidan ubangidansa: ta yaya labarin zai tsallake binciken aure?

Bakabiya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar marubuta da makaranta, musamman waɗanda suka san rayuwar bakin iyaka ko aikin shari'a, a kan wani littafi da nake rubutawa wanda ya tsaya mini cik a tsakiya.

Na ɗora labarin ne a lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, wato daga Agustan 2019, a wani gari da na ƙirƙira tsakanin Kamba da Dole Kaina. A garin akwai wani attajiri wanda kowa ya san shi da harkar shinkafa da man fetur. Yana ciyar da marayu, ya gina masallaci, yana biya wa mutane kujerar Makka, amma a ƙarƙashin buhunan shinkafarsa akwai katan-katan na tiramol da ke bi ta hannunsa zuwa Sakkwato da Gusau da dazukan da ke bayansu. Hukumar NDLEA, mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ta tura wani matashin jami'inta, mutumin Zariya, ya yi shigar burtu ya zama yaron mota a gidan da sunan da ba nasa ba. 'Yar attajirin, wadda ta karanta aikin akanta a Birnin Kebbi, ita ce ke riƙe da littafin lissafin mahaifinta, kuma wannan littafi shi ne abin da jami'in ya zo nema. Sauran ba sai na faɗa ba: ya zo neman littafi, zuciyarsa ta kamu da mai riƙon littafin.

A labaran Turawa masu irin wannan zubi, namiji da mace suna iya shafe watanni tare ba tare da wani ya tambayi wanda ya haife shi ba, saboda haka ƙaryar jami'in tana samun filin da za ta yi tsawo. A wurinmu kuwa, da zarar an ga saurayi ya fara zarya a ƙofar gida, za a ce ya turo magabatansa, kuma kafin a karɓi ko sisin kwabo daga hannunsu sai an bi diddigin asalinsa da sana'arsa da halinsa. Jarumin nawa ba shi da magabatan da zai tura, domin sunan da yake amsawa ba shi da uwa ba shi da uba.

Shin mai karatu zai yarda cewa baƙo daga Zariya zai iya kutsawa cikin gida irin wannan har ya kai ga ganin sirrinsa? Kuma ya dace in bari a ɗaura auren da sunan ƙarya, domin nan ne labarin zai fi zafi, ko kuwa hakan zai sa a tsani jarumin har ƙarshe? Sannan ba na son in kashe mahaifin don kawai in sauƙaƙa wa kaina, ba na kuma son yarinyar ta yi kukan shafi biyu ta ce ta yafe. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Tsohon Direba, Kamba

Wa alaikumus salam. 'Yata, ni ba marubuci ba ne, amma na tsufa a bakin sitiyari tsakanin Kamba da Birnin Kebbi da Jega, saboda haka zan tsaya a kan tambayarki ta farko.

Ba a shiga gida irin wanda kika siffanta da ƙafar kai, kawo mutum ake yi. Tambayar da ake fara yi wa sabon yaro ita ce wane ne ya kawo shi, kuma wanda ya kawo shi ɗin shi ke ɗauke da alhakin duk abin da yaron zai aikata, ko satar jarka ɗaya ce ko sakin baki a tasha. Wannan mutum shi ne ban ga kin ambata ba, alhali a ganina ya fi jami'in kansa shiga haɗari. Ki samar da shi. Yana iya zama tsohon direban gidan wanda hukuma ta kama da kaya, ta ba shi zaɓi tsakanin gidan yari da shigar da yaronta, yana iya kuma zama mutumin kirki wanda bai san komai ba, ya tsaya wa yaron don Allah. Na biyun ya fi ciwo, domin ranar da asiri ya tonu jami'in yana da motar da za ta ɗauke shi zuwa Abuja, shi kuwa wanda ya tsaya masa a garin yake da mata da 'ya'ya da gona.

Game da zamansa mutumin Zariya, a nan ina da ja. A yankinmu mutum yana buɗe baki da gaisuwa an san daga inda ya fito. Yaron mota na bakin iyaka yana jin Zabarmanci ko Dandanci ko da na ciniki ne, yana lissafin naira da sefa a ka ba tare da ya taɓa waya ba, yana da goggo a Gaya ta Nijar ko abokin ciniki a Malanbil ta Jamhuriyar Benin, ya san mashigin da kwalekwale ke iya bi da rani da wanda sai da damina. Ba a ƙin baƙo, za a ba shi aikin lodi da wankin mota, a ba shi tuwo da wurin kwana, amma zai yi shekaru bai ga kwalin ƙwaya ko ɗaya ba. Shawarata ita ce ki mai da shi ɗan ƙasa, wanda aka haifa a wani ƙauye na nan kusa, aka tafi da shi gabas karatun allo tun yana ƙarami, yanzu ya dawo neman abin yi. Ki bar masa sunansa na yanka da sunan mahaifinsa da ƙauyensu, abu ɗaya tak zai ɓoye, wato inda ya yi shekarun da ba a gan shi ba. Mai ƙarya guda ɗaya yana iya tsare ta, amma wanda ya ƙirƙiri dangi sukutum wata rana zai manta sunan kakarsa.

Akwai kuma yadda gari ke kallon sana'ar, wanda marubutan birni suka cika kuskurewa. Talakan bakin iyaka bai ɗauki mai fiton shinkafa ko fetur a matsayin mugu ba. Iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta, ta raba wa da ƙane, kuma mutane suna kai-da-kawo a kanta tun kafin a san kwastam. Lokacin da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, manomi mai injin ban-ruwa da ɗan acaɓa su suka fara jin jiki, kuma wanda ya iya kawo musu jarka ya zama mai taimako a idonsu. An buɗe iyakar Illela a Disambar 2020, amma tamu ta Kamba sai a Afrilun 2022, don haka ki lura da wannan idan labarinki zai wuce shekara guda. Ƙwaya kuwa daban take. Mutumin da zai ɓoye mai shinkafa a ɗakin matarsa, shi ne zai tsine wa mai tiramol, saboda ya ga abin da ta yi wa ɗansa ko ɗan maƙwabcinsa. Ke nan Alhajinki ya fi tsoron liman da mutanen sahun farko su sani a kan hukuma ta sani, kuma ko a cikin yaransa ƙalilan ne za su san abin da ke ƙasan lodi.

Ƙananan abubuwa ne ke tona jami'i, ba bindiga ko katin shaida ba. Tafin hannunsa ba shi da kanta. Bai iya ɗaurin igiyar da ba ta kwancewa a hanya mai gargada ba. Ba ya rigimar kuɗin abinci kamar sauran yara, domin ya san albashi na jiransa, kuma rashin kwaɗayi a wurin yaron mota abin tuhuma ne. Idan babba ya daka tsawa, sai jikinsa ya miƙe kafin ya tuna. Ki kuma tuna cewa jami'an da ke shingen bincike ba su san shi ba, za su sa shi tsallen kwaɗo kamar kowa, har ranar da zai ci karo da wanda suka yi horo tare a Jos, wanda zai washe baki zai kira sunansa a gaban direba.

Uwar Biyu, Gusau

Baba Direba ya gama magana a kan namijin, ni kuma yarinyar ce ta dame ni. Ƙanwata, na karanta labarai masu wannan zubi da dama, a takarda da a waya, kuma kusan kullum macen ba ta wuce tukuicin da ake miƙa wa jarumi bayan ya gama aiki ba. Ke kuwa da hannunki kika ba ta littafin lissafi da ilimin akanta, saboda haka ba ki da damar ce mana ba ta san komai ba. Wadda ta san kuɗin buhun shinkafa a Gaya da kuɗinsa a Jega, ta san abin da ake kashewa a hanya, ba za ta kasa gane cewa ribar da ke shigowa ta fi ƙarfin shinkafa ba. Ko dai tana ciki, ko kuwa ta daɗe da zaɓar kada ta tambaya, domin mai kuɗin mahaifinta ne, kuma da kuɗin aka yi mata makaranta. Na fi son na biyun, saboda shi ne halin da mutanen kirki da yawa suke ciki a gidajen da dukiyarsu ke da ayar tambaya.

A kan ko mai karatu zai tsani jarumin, abin ya taɓa faruwa a zahiri, kuma an ga yadda matan suka ɗauke shi. A Ingila, a 2010, aka gano cewa wani ɗan sanda mai suna Mark Kennedy ya shafe kimanin shekara bakwai a cikin masu fafutukar kare muhalli da sunan ƙarya, yana soyayya da matan da ba su san ko shi wane ne ba. Wani ɗan sandan kuma mai suna Bob Lambert har ɗa ya haifa da wata a shekarun 1980, sannan ya ɓace mata. A Nuwamban 2015 rundunar 'yan sandan Landan ta fito fili ta nemi gafarar mata bakwai, ta amsa cewa abin da aka yi musu yaudara ce da cin zarafi, ta kuma biya su diyya. Gaskiya ne waɗannan mata ba 'ya'yan masu safarar ƙwaya ba ne, 'yan gwagwarmaya ne kawai, amma ciwon iri ɗaya ne: mace ta waiwaya ta kasa bambance kalmar da aka faɗa mata don so da wadda aka faɗa don a rubuta rahoto. Idan yarinyarki ba ta yi wannan waiwaye ba, to ba mutum kika rubuta ba.

Ki kuma yi la'akari da mu makaranta na wannan yanki. A Zamfara zargin kai rahoto ba abin wasa ba ne. Lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan a Satumban 2021, ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne masu tsegunta wa 'yan bindiga bayanai, kuma kowa a nan ya san cewa zato kaɗai yana iya sa a rasa rai, ko daga ɓangaren 'yan daji ko daga na 'yan sa-kai. Mutumin da ya ci abincinka yana ƙirga ƙofofin gidanka ba ya burge mu haka kawai don yana ɗauke da katin gwamnati. Dole ki nuna mana abin da ƙwayar nan take yi, ki kai mu gidan da ta rusa, kafin mu yarda cewa cin amanar da zai yi yana da dalilin da ya kai.

A nan ne na ɗan saɓa da Baba, tare da girmamawa. Idan jami'in ɗan ƙasa ne da sunansa na gaskiya, to ranar da aka kama Alhaji ba shi kaɗai zai biya ba, duk wanda ya haɗa jini da shi a ƙauyen nan ya shiga uku. Wace hukuma ce za ta yarda da haka, kuma wane ɗa ne zai jefa mahaifiyarsa a ciki? Idan za ki bi shawarar Baba, sai ki amsa wannan a cikin littafin, kada ki tsallake.

Shawarar da na fi ba ƙarfi ita ce kada ki ajiye tonuwar asiri sai babin ƙarshe. Ki bari ta gane shi a tsakiyar littafi, ita kaɗai, ta hanyar abin da ta fi kowa iyawa, misali ta lura cewa duk lodin da aka kama a watannin nan lodi ne da ya san da shi, ko ta ga ya karanta shafin lissafi a juye alhali ya ce bai yi boko ba. Daga nan ran mutum biyu ya koma hannunta. Idan ta faɗa wa mahaifinta, an kashe wanda take so. Idan ta yi shiru, ta sa hannu a ɗaure wanda ya haife ta, a ƙwace dukiyar da mahaifiyarta da abokan zamanta da ƙannenta da barorin gida suke ci, ita kuma ta zama 'yar da za a riƙa nunawa da baki a gidan biki har ta tsufa. Kina da zaure, kina da tabarma biyu da tazara a tsakani, kina da ƙanwar da aka sa ta zauna kusa tana kasa kunne. Zancen da kowannensu ya san abin da ɗayan ke ɓoyewa, ga kunya ga ɗan rakiya sun hana a fito da shi fili, ya fi tseren mota goma riƙe mai karatu.

Yafiya kuwa, ba dole ba ce. Tana iya fahimtar dalilinsa sarai, ta kuma ƙi aurensa.

Almajirin Shari'a, Birnin Kebbi

Malama, zan taɓa ɓangaren doka da na fiƙihu, domin nan ne irin waɗannan littattafai suka fi yin tuntuɓe.

Kin yi daidai da kika zaɓi NDLEA, wadda aka kafa da Doka ta 48 ta 1989, tun da ƙwaya ce zuciyar laifin. Shinkafa da fetur hurumin kwastam ne, saboda haka jaruminki ba shi da ruwa da su, kuma wannan zai ba ki damar nuna shi yana taya fiton shinkafa da hannunsa yana kau da kai. Tiramol ɗin da ake kamawa galibi mai ƙarfin miligiram 225 ce ko makamancin haka, alhali abin da aka amince a sayar bisa takardar likita shi ne 50 da 100. Shari'ar kuma Babbar Kotun Tarayya za ta je, ba kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ba. Abin da aka fi gani a fili a ƙasar nan shi ne aiki da masu tsegunta bayanai da kuma tarko na ɗan gajeren lokaci, kamar bidiyon da NDLEA ta fitar a Fabrairun 2022 a kan zargin da ta yi wa babban ɗan sandan nan Abba Kyari, inda jami'inta ya nuna kamar ya yarda da ciniki aka ɗauki ganawar a asirce. Don haka ki taƙaita zaman jaruminki zuwa watanni, ki kuma ba shi shugaba guda wanda shi kaɗai ya san inda yake, wanda ke matsa masa lamba ya kawo sakamako, wanda kuma zai janye shi nan take da zarar ya ji labarin soyayyar.

Maganar Baba Direba a kan wanda ya tsaya wa yaro tana da shaida a tarihi. Joseph Pistone, jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ya zauna cikin 'yan Mafiya, wato gungun manyan masu aikata laifuka, na New York daga 1976 zuwa 1981 a matsayin ɓarawon gwala-gwalai. An janye shi ne lokacin da suka kai ga ba shi aikin kisa don su shigar da shi cikinsu sosai, kuma ba a daɗe ba suka kashe Dominick Napolitano, ɗaya daga cikin manyansu da suka amince da shi. Duk mai shigar burtu yana da ranar da za a nemi ya yi abin da ba zai iya yi ba, kuma daga ranar aikin ya ƙare.

Littafin lissafin ma ba ya ɗaure kowa shi kaɗai. Idan hotonsa ya ɗauka da waya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana da sharuɗɗan da sai an cika su kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura. Sai an sami wanda zai fassara lambobin, kuma ba wanda ya san su kamar wadda ta rubuta su, wadda a idon doka ko dai shaida ce ko abokiyar haɗin baki. Shi ma jami'in sai ya shiga akwatin shaida. Sashe na 232 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya ba da damar sakaya shaida a wasu laifuka kamar ta'addanci da safarar mutane, amma ko da an rufe masa fuska, Alhaji ya san muryar yaron da ya ci tuwon gidansa. Lauyan da ke kare Alhaji kuwa ba zai ɓata lokaci a kan katan-katan ba, soyayyar zai kama, ya tambaye shi a gaban jama'a ko ya taɓa ce wa 'yar wanda ake tuhuma yana son ta, kuma gaskiya ya faɗa a ranar ko ƙarya. Kowace amsa ya bayar ta cuce shi. Ban taɓa ganin wanda ya rubuta wannan babi da Hausa yadda ya kamata ba.

A ɓangaren addini, jaruminki yana da abin da zai kafa hujja da shi a zuciyarsa. A yaƙin Handaƙ, Nu'aimu ɗan Mas'udu ya ɓoye musuluntarsa ya shiga tsakanin rundunonin da suka yi wa Madina ƙawanya har ya raba kansu, an kuma aiki Huzaifa ɗan Yamani cikin dare ya shiga sansaninsu ya jiyo labari. Hadisi ya tabbata cewa yaƙi ɗan zamba ne. Sai dai aure ba fagen fama ba ne, kuma hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu shi ma ingantacce ne. Ɗaurin aure yana buƙatar waliyyi da sadaki da shaidu da siga, kuma a al'adarmu wakilin ango ne ke karɓa. Wa zai zauna a masallaci a matsayin baffansa? Abokan aikinsa ne za su naɗa rawani su yi wa liman ƙarya a gaban jama'a? Malaman Malikiyya sun yi babi a kan zaɓin da ake ba wanda aka yaudara a aure, don haka tana da hanyar zuwa gaban alƙali, amma idan an sami rabo, yaron ɗansa ne har abada, kuma ba hukuncin da zai goge wannan. A ganina idan kika bari aka shafa fatiha, kin rasa jarumin.

Ga abin da nake ganin ya fi. Kada shi ya nemi auren. Ki sa Alhaji da kansa ya kira shi bayan sallar isha'i ya ce ya yaba da amanarsa, ya ba shi 'yarsa, kamar yadda iyayen gida suka saba aurar da yaransu, wani lokaci don ƙauna, wani lokaci don a ɗaure bakin wanda ya san sirri da yawa. Ƙin karɓa cin fuska ne kuma abin zargi, karɓa kuwa ha'inci ne. Daga daren nan ranar da aka sa ta zama wa'adin aikinsa, kuma kowane akwatin lefe da Alhaji ya saya masa da kuɗinsa ƙari ne a kan nauyin da ke wuyansa.

Bakabiya, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Zan mai da shi ɗan ƙasa kamar yadda Baba ya ce, amma saboda gyaran da Yaya Uwar Biyu ta yi, iyayensa sun rasu, goggo ɗaya ta rage masa, kuma tana aure a Argungu, ba a ƙauyen ba. Yarinyar za ta gane shi a tsakiya. Shawarar Almajirin Shari'a ta kyautar aure ita ce ta buɗe mini hanya, kuma babin kotu zai shiga, ko da yake ban yanke ba tukuna ko za ta ba da shaida ko za ta ƙona littafin.

Saura tambaya ɗaya ga Baba. Tun da Alhaji ne da kansa ya yi kyautar, anya zai sake yin bincike? Idan zai yi, wa ake turawa, kuma ina ake dosa?

Tsohon Direba, Kamba

Zai yi, 'yata, kuma mai irin wannan sana'a bincike biyu yake yi, na fili da na ɓoye. Na filin shi ne a tura ƙanensa ko amininsa ƙauyen su yaron, ya yi sallar la'asar a masallacinsu, ya gaisa da liman da mai unguwa, ya zauna teburin mai shayi ya jefa sunan mahaifin yaron kamar a cikin hira. Wannan jaruminki zai tsallake shi, tun da asalinsa na gaskiya ne, kuma ba wanda zai faɗi aibin maraya.

Inda zai sha wuya shi ne shekarun gabas. Wanda ya yi jami'a ya yi bautar ƙasa ya yi horo yana da shekaru masu yawa da zai cike da labari, kuma Alhaji yana da malamai da yake ba sadaka, waɗanda suka yi yawon karatu a can. Ɗayansu zai tambaye shi tsangayar da ya zauna, da alaramman da ya yi masa darasu, da waɗanda suka yi zamani tare, yana iya ma miƙa masa allo da tawada ya ce ya rubuta masa sumuni guda don albarka.

Na ɓoyen kuwa mata ke yin sa, kuma shi ya fi haɗari. Uwargidan Alhaji ba za ta jira rahoton maza ba, za ta tura tsohuwar dillaliya Argungu da atamfofi a ƙullin kai, ta shiga har ƙuryar ɗakin goggon ta sha ruwa ta yi hira. Goggon da ta raini maraya har ya zama ma'aikacin gwamnati, da wuya a ce ba ta rataye hotonsa da kaki a bango ba, da wuya kuma ta iya yin shiru idan aka yabi yaron. Sai ki yanke tun yanzu ko ya gaya wa goggon gaskiya ya roƙe ta ta sauke hoton, ko kuwa ya manta da shi. Idan ya gaya mata, kin sa tsohuwa mai sallah yin ƙarya saboda shi, kuma dillalan da na sani ba sa fita ɗaki sai sun tambayi abin da aka cire daga ƙusar da ke bango.